Zangarniyar Iri

Sai da na haura shekara ashirin, ina ɗalibi a Yamai, sannan na san cewa mutumin da jami'armu ke ɗauke da sunansa a Tasawa aka haife shi. Shekara huɗu na yi ina karatun kwaleji a garin, ina taka rairayin unguwanninsa da takalmin roba, amma ba wanda ya taɓa ce mini a nan aka yanke cibiyar Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yuni 1929. Mun haddace sunan Newton da na Pasteur. Nasa sunan bai shigo ajinmu ba, alhali a lokacin yana nan da ransa a Yamai, yana koyarwa.

Ban taɓa ganinsa ba. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka raɗa wa jami'ar sunansa a 1992, ni kuwa bayan haka na shiga. Duk da haka, da za a tambaye ni wanda ya sa na bar alli da allo na koma bayan makirfon gidan rediyo, sunansa zan fara kira, sannan na mahaifina, wanda bai taɓa shiga lakwal ba.

Asalin gidansu Kirtashi ne, can ƙasar Zabarmawa a gefen kogi. Ya yi firamare a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan sai makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulka, sannan Faris. A 1956 ya ci jarrabawar da suke kira agrégation, ƙololuwar shaidar malanta a tsarinsu, a fannin fizik, wato ilmin haske da zafi da motsi. Shi ne na farko da ya ci ta a wannan fanni cikin baƙar fatar ƙasashen Afirka renon Faransa. Mai irin wannan takarda a wancan zamani ya gama neman abinci, sai dai ya zaɓi kujera. Shi kuwa bai zauna ba. A 1958, da Gine ta ce wa Janar de Gaulle a'a, Faransa ta kwashe malamanta da ma'aikatanta don ta ga yadda ƙasar za ta yi, sai ya bar aikinsa a Dakar ya tafi Konakiri koyarwa, shi da wasu irinsa kamar Joseph Ki-Zerbo. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan makamashin rana. A 1964 yana Bamako, yana jagorantar ɗakin binciken hasken rana. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ofishin makamashin rana na ONERSOL, ya riƙe shi har 1985, inda suka yi ta ƙera na'urorin dafa ruwa da tace shi da busar da amfanin gona, duk da zafin rana. A tsakanin nan, daga 1979, ya shugabanci jami'ar Yamai na 'yan shekaru. Matarsa, Aïssata Moumouni, ita ce mace ta farko da ta shiga majalisar gwamnatin Nijar, a 1987.

Abin da ya kama ni ba tukunyar rana ba ce. Wani littafi ne da ya fitar a 1964, L'Éducation en Afrique, kan tarbiyya da karatu a Afirka. Na same shi a hannun wani abokin ɗaki, bangonsa ya tsufa. A ciki, mutumin da ya kai ƙarshen karatun Faransanci yana kafa hujja cewa makarantar mulkin mallaka ta raba yaro da gidansu, kuma karatu ba zai zauna da gindinsa ba sai an koyar da yara cikin harsunan da suka sha a nono. Na karanta na ajiye, na kasa barci. Abin da ya faɗo mini shi ne ƙoƙon kan akuya.

A firamaren ƙauyenmu, arewa da Mayahi, a gefen Gulbin Kaba, akwai wani busasshen ƙoƙon kan akuya da aka zura wa igiya. Simbol ake ce masa. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a harabar makaranta, shi za a rataya wa a wuya, shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani. Wanda ya yini da shi zai sha bulala da maraice. Na san warinsa har yau. Abin da ya koya mini tun ina ɗan shekara bakwai shi ne ilmi da Hausa ba sa shiga ɗaki ɗaya: ilmi na aji ne, Hausa ta gona ce da bakin rijiya.

Da wannan tunani na gama jami'a, na zama mushe, ina koyar da kimiyyar halittu. Shekara tara ina yi. Darasin da na fi tsoro shi ne wanda Faransawa ke kira évolution, da ke zuwa a ajin ƙarshe na lise. Nakan yi shifta, su rubuta, in zana jadawali a allo, in wuce da sauri kamar mai tsallake garwashi. Wata rana wata yarinya da ke zaune a layin gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta tambaye ni da Hausa, ba da Faransanci ba: "Mushe, wannan mu rubuta shi don jarrabawa ne, ko mu yarda da shi?" Ajin ya yi tsit. Na ba ta amsa da Faransanci mai tsawo. Ina fita na san ban amsa ba, domin ni kaina ban taɓa juya maganar nan da harshen da nake tunani da shi ba. Abin da mutum bai iya faɗa wa kakarsa ba, bai gama saninsa ba.

Ba da daɗewa ba idon mahaifina ya fara rauni, gida ya bukaci babba a kusa. Na ajiye koyarwa na karɓi aikin malamin gona a wani shiri na taimakon manoma, ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Kanambakashe da Sarkin Hausa da Isawan. 'Yan'uwa suka ce na sauka daga doki na hau jaki. A wannan aikin ne na sami amsar yarinyar nan, kuma a gindin rumbunmu na same ta.

Kaka ce, an yanke gero an zube shi a fili kafin a ɗaure dammuna. Baba ya zauna a kan buzu, ido ba ya gani sosai, amma hannu na gani. Yakan ɗauki zangarniya ya shafa ta daga gindi zuwa kai. Idan yatsansa ya faɗa cikin hanyar da murzuna ta ci ta kewaya, sai ya jefa ta cikin na ci. Idan ƙwayar ta yi sako-sako, na ci. Idan doguwa ce, ƙwaya ta cika ta matse har ba wurin sa farce, sai ya ajiye ta a damansa. Waɗannan yakan ɗaure su dami guda daban, a sa can ƙuryar rumbu, kuma ko a yunwar 1984, da muka ci ganye da dussa, ba a taɓa damin nan ba.

Na ce, "Baba, tun yaushe kake wannan zaɓe?"

Ya ce, "Haka na ga ubana na yi. Kai yaro, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka shuka ragon gero, ragon gero za ka yanka."

Na ce, "To in haka ne, me ya sa kowace shekara sai ka sake zaɓe, tunda na bara ma zaɓaɓɓe ne?"

Ya ce, "Ai ba duk ɗa ke gadon ubansa ba. Ba ka ji ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba?"

Na tsaya riƙe da igiyar dami. Babi biyu na littafin da na yi shekara tara ina shifta, ga su a bakin tsoho cikin karin magana biyu. Ɗa yana gadon iyaye, amma 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya. Sai a ƙara na uku, wanda hannunsa ke yi a gabana: ba kowa ke samun barin zuriya ba, akwai wanda ake zaɓa, akwai wanda ake dakawa. Idan abubuwa ukun nan suka haɗu, aka maimaita su shekara bayan shekara, dole iri ya sauya. Maganar ke nan gaba ɗaya, sauran bayani ne.

Duk manomin ƙasarmu ya san shibra. Tana tsirowa cikin gero, tana ƙarama ba ka bambanta su, sai ta kuɓuce wa hauya. Tana riga gero nuna, kanta siriri, kana taɓa ta ƙwaya na zuba ƙasa. Idan rumbu ya yi fayau a tsakiyar damina, ita mata ke tsinka a yi kunu a riƙe rai, shi ya sa ba a cika tsananta mata ba. Masana sun ɗauki sunan nan namu na Hausa sun sa a littattafansu yadda yake. Shibra jinin geron daji ce ta ɗauko. Gero iska ke kai masa bununi daga wannan kai zuwa wancan, don haka na gida da na daji suna barbarar juna. Geron daji dole ya zubar da ƙwayarsa, in ba haka ba zuriyarsa ta ƙare. Na gida kuwa yana riƙe tasa har a kai ta masussuka, abin da a daji halaka ne. Ta yaya ya koyi riƙewa? Bai koya ba. Mutanen farko da suka fara yankar geron daji, kawunan da suka riƙe ƙwaya ne kaɗai suka iso gida da abu a jikinsu, kuma daga cikinsu aka shuka na baɗi. An tono ragowar geron gida mai shekara wajen 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Daga can zuwa zongon da muke shukawa a ƙasar Maraɗi, mai kai kamar sandar makiyayi, hannaye ne irin na Baba, tsara bayan tsara.

Wani zai ce, to wannan ai mutum ne ke zaɓe. Ga wanda ba hannun mutum kaɗai ba. A 1976 masu bincike sun zaga ƙauyukan Nijar sun tattara irin gero sun adana. A 2003 masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka koma ƙauyukan nan suka sake karɓar iri, sannan suka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Sakamakon ya fito a 2011. Sunayen iri galibi ba su canza ba, abin da kaka ke kira zongo shi jika ke kira zongo. Amma geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, karansa ya fi gajarta, zangarniyarsa ma haka. Da suka duba ƙwayoyin gado, sai suka ga wani nau'i mai sa saurin fure ya kusa ninka yawansa. Tsakanin shekarun nan biyu akwai farin da duk muka sani. Damina ta gajarce, geron da ke jinkiri ruwa ya ɗauke masa yana tsakiyar ɗaukar ƙwaya, mai sauri shi ya kai rumbu, shi ya zama iri. Nakan ce wa masu saurare su tuna mace tana sheƙa: ta ɗaga ƙwarya, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauka. Fari ya sheƙe geronmu cikin shekara 27, muna tsaye a gonar ba mu lura ba.

Shi kansa Charles Darwin, da sunansa ke tayar wa mutane hankali, daga nan ya faro. Babin farko na littafinsa na 1859 kan dabbobin gida da shuke-shuke ne, kuma ya yi kiwon tantabaru da hannunsa don ya ga yadda masu kiwo ke fitar da launi da siffa. Da ya zo Tasawa da jar akuya za a nuna masa, wadda ƙasar nan ta shahara da ita, mai yawan tagwaye, mai fatar da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Ja ɗin nan bai tabbata da kansa ba: an yi ta barin jan bunsuru ana dandaƙe saura, har aka kafa cibiyar kiwonta a Maraɗi a 1963. Darwin ma mai sauye-sauyen hanya ne. Ya fara karatun likita ya bari, ya koma shirin zama limamin coci, sai ya shiga jirgin ruwa a 1831 ya yi shekara biyar yana zaga duniya yana tara ƙwari da duwatsu. Ya dawo ya riƙe tunaninsa fiye da shekara ashirin kafin ya buga, kuma matarsa Emma mai riƙo da addininta ce ƙwarai. Ya san nauyin abin da zai faɗa, har a cikin gidansa.

Da shirin manoman ya ƙare, wani gidan rediyon al'umma ya ba ni rabin awa a mako. Da hasken rana tashar ke aiki, kuma duk ranar da na ga faifan solar nan a kan rufi sai na tuna ɗan Tasawan da ya ƙare rayuwarsa yana cewa arzikinmu na bisa kanmu. Matsalata ta farko a rediyo kalma ce. Na ji wasu na fassara évolution da rikiɗa, kuma a ganina babu kalmar da ta yi wa wannan ilmi ɓarna kamarta. A Hausa mai rikiɗa mutum ne guda da ke zama kura da dare ya dawo mutum da asuba. Duk wanda ya ji an ce halitta na rikiɗa, abin da zai gani a ransa biri ne ya kwanta ya tashi mutum, kuma yana da gaskiya in ya ce ƙarya ne. Babu zangarniyar da ta taɓa rikiɗa. Kowace ta mutu yadda aka halicce ta. Zuriya ce ke sauyawa, domin waɗanda suka haifi ta gaba ba su ne duka na baya ba. Shi ya sa ni sauyin zuriya nake cewa.

Misalin da ya fi shiga kunnen tsofaffi nibakin ne. Duk wanda ya girma kafin shekarun 1990 ya san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu, ya kuma san yana kashe zazzaɓi. Daga baya sai ya daina. Mutane suka ce an lalata maganin, na da ya fi ƙarfi. Maganin bai canza ba. Cikin dubban dubatan ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, an sami 'yan kaɗan da aka halitta da abin da ke fitar da maganin daga jikinsu. Nibakin ya kashe saura ya bar musu fili, suka hayayyafa. A Afirka an fara ganin irinsu a gabashi a ƙarshen shekarun 1970, suka iso yammaci cikin shekarun 1980, har dole Nijar ta sauya magani a tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka nake roƙon mutane, har muryata ta dushe, su daina sayen ƙwaya biyu a tire su sha su bar saura da zarar jiki ya yi sanyi. Wanda ya yi haka ya kashe raunana, ya ware wa cuta damin iri.

Akwai misalin da na daɗe ban iya kawowa a rediyo ba, domin a ɗakina yake. 'Yar kawuna na aura, auren zumunci, kuma har gobe ina gode wa Allah da ita. Ɗanmu na fari yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana kuka ba dare ba rana. Idan sanyin hunturu ya shigo, sai ya ƙanƙame jiki yana cewa ƙashinsa ake sara. Aka ce iska ce, aka ce baki ne, aka yi rubutu aka yi turare. Gwajin jini ya nuna amosanin jini ne, sikila. Ya rasu yana da shekara shida, da asubar wata Laraba, kansa a cinyar uwarsa. Na sha zana jadawalin gadon wannan cuta a allo da Faransanci, akwati huɗu, ɗaya mai cuta. Ban taɓa ganin kaina da matata a cikin akwatunan ba, domin abin na aji ne, aure kuwa na gida.

Ga yadda abin yake. Kowa na ɗauke da ƙwayar gado biyu ta jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA lafiya lau. Mai AS shi ma lafiyarsa lau, yawanci bai ma san yana ɗauke da komai ba. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai cutar. Tambayar da ta dame ni bayan rasuwar yaron ita ce: abin da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa, har a ƙasashenmu mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ke ɗauke da shi? Wani likita, Anthony Allison, ya nuna dalilin a 1954 daga aikinsa a gabashin Afirka. Yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da sauro ke kwashe yara kowace damina, masu AS sun fi kaiwa girma su haihu, sai S ta yi ta yaɗuwa. Garkuwar da ta tsare kakannina daga zazzaɓi, ita ce da ta haɗu biyu ta ɗauke mini ɗa. Tun daga ranar da na fahimci wannan, sauyin zuriya ya daina zama mini babin jarrabawa.

Sai maganar biri, wadda ba a yin wata guda ba a bugo waya an yi mini ita ba. Wata Juma'a bayan an sauko, wani dattijon malami da nake jin nauyinsa, abokin mahaifina, ya aiko a kira ni zaurensa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, an ce kana faɗa a rediyo wai kakanmu biri ne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban faɗa ba, kuma masu ilmin ma ba haka suka ce ba."

Ya ce, "To me suka ce? Faɗa mini yadda yake, kada ka sassauta don kana gabana."

Na faɗa masa. Na ce ƙasar nan tamu cike take da ƙasusuwan halittun da babu su yau. A Gadufawa, cikin Tenere, an tono wani kada mai tsawon da ya kai mita goma, da wata dabba mai cin ciyawa mai haƙora ɗaruruwa da aka sa wa sunan ƙasarmu, Nigersaurus, dukansu sun haura shekara miliyan ɗari, kuma duk wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa. Inda yau ba ko ciyawa, da koguna ne. Shi kansa Gulbin Kaba da muke sarar kaba a cikinsa mata na saƙa tabarma, tsohon kogi ne da ya ƙafe. Na ce masana suna ganin halittu duka dangi ne, kamar rassan bishiya ɗaya, kuma a lissafinsu jikin mutum da na manyan biran da suka fi kusa da shi sun rabu daga tushe guda shekara miliyan shida ko bakwai da suka wuce, ba wai ɗayan ne ya haifi ɗayan ba. Na ba shi labarin ƙoƙon kan da wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinta a hamadar Jurab a 2001, wanda aka raɗa wa Tumai, mai kimanin shekara miliyan bakwai.

Ya yi shiru yana jan carbi. Ya ce, "Kai fa, me ka riƙe?"

Na ce ni Musulmi ne, da kalmar shahada nake fatan cikawa. Hujjar ƙasusuwa da ta ƙwayoyin gado ta gamsar da ni cewa halittu suna sauyawa kuma suna da dangantaka, ba zan ce ban gani ba alhali na gani. Ban taɓa jin wannan ya taɓa imanina da Mahalicci ba, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana ni fita roƙon ruwa ba. Kimiyya tana bin sawun yadda abu ya gudana, ba ta da ma'aunin rai, ba ta da abin cewa kan dalilin zuwanmu duniya. Game da Annabi Adamu, na san malamai sun yi maganganu: akwai masu ƙin batun gaba ɗaya, akwai masu karɓarsa a kan dabbobi da tsirrai su keɓe ɗan Adam, akwai masu ganin babu karo ko kaɗan. Na ce wannan fagenku ne, Malam, ni ba na ba da fatawa. Abin da ba zan yi ba shi ne in faɗa wa yaro cewa masana sun ce abin da ba su ce ba, ko don in faranta masa, ko don in tsorata shi.

Na ƙara masa da cewa duban halitta ba Turawa suka fara shi ba. Al-Jahiz na Basra, tun ƙarni na 9, ya cika Kitabul Hayawan da lura kan yadda dabbobi ke cin juna da yadda wurin zama ke shafar siffarsu. Ba ra'ayin Darwin ya kawo ba, kada a ɗora masa abin da bai ce ba, amma ya zauna ya kalli tururuwa da tantabara da idon basira, bai ga hakan ya rage masa addini ba. Malam ya ce ya san sunan a wajen masu balaga, bai san ya yi littafin dabbobi ba.

Bai ce ya yarda da ni ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya tsaya a kai daban ne. Ya ce in sake masa bayanin akwatuna huɗun nan na jini, a hankali. Na share ƙasar zauren da tafin hannu, na zana su da tsinke, na sa ƙwayar gero a madadin A, tsakuwa a madadin S. Ya sunkuya yana kallo, ya sa yatsa a akwatin da tsakuwa biyu suka haɗu. Ya ce, "Nan ne yaronka." Na ce nan ne. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne." Jikokinsa biyu ya binne da irin wannan ciwo, ban sani ba sai ranar.

Bayan wata biyar, ana gab da yankan gero, na fito daga tashar da yamma na tarar da shi zaune a kan benci a inuwar bedi, ya yi tafiyar da ba ta kamaci shekarunsa ba. Ya zaro takardu biyu a ninke daga aljihun rigarsa, na autansa da na yarinyar da ake nema masa, 'yar ƙaninsa. Da kansa ya tura su Maraɗi gwaji. Ya ce, "Ɗana, karanta mini, idona ba ya kama rubutun boko." Na buɗe ta farko, AS. Na buɗe ta biyu hannuna na rawa. AA ce.

Ya karɓi takardun ya ninke su yadda suke, ya mayar aljihu. Ya ce za a ɗaura auren bayan an kai gero rumbu, kuma in zo da uwar 'ya'yana.